MA'ANAR KALMAR "PIRACY" DA YADDA A KE AIKI DA ITA

Ya 'yan'uwana almajirai, da ku malamanmu, ga wata matsala da ta taso mana a aji, na ga ya kamata in kawo ta cikin wannan jarida tamu, ko Allah ya sa wani ya ƙaru. Ran nan malaminmu na Ingilishi ya rubuta jimla biyu a allo, ya ce mu juya su da Hausa. Ta fari ita ce: The captain was hanged for piracy. Ta biyu kuwa: The printer was fined for piracy. Ta farin ba ta ba kowa wuya ba, duk muka rubuta an rataye shugaban jirgi domin ya yi fashi cikin teku. Da muka zo ga ta biyun sai aji ya yi tsit. Ni dai na daure na rubuta an ci mai buga littattafai tara domin ya yi fashi cikin teku, amma a zuciyata ina mamakin abin da ya kai mai maɗaba'a cikin jirgi, da kuma yadda aka yi laifi guda ya kai wani ga igiya, wani kuwa ga tara kurum. Malam ya karanta amsata a fili, aka yi mini dariya har da masu buga tebur.

Dariyar nan ce ta sa na bi sawun wannan kalma cikin ƙamus da littattafan tarihi. Na kuwa ga batun ya wuce abin dariya. Yawancinmu malamai za mu zama, waɗansu kuma tafintoci. In malami ya riƙe kalma a karkace, haka zai miƙa ta ga yara arba'in ko wace shekara. In kuwa tafinta ne a gaban alƙali, sai ya ɗora wa mutum laifin da bai yi ba.

ASALINTA DA DANGINTA

Turawan Ingila ba su suka ƙago kalmar ba. Sun samo ta daga Latin, harshen Romawa, inda a ke kiran ɗan fashin teku pirata. Romawa kuma sun aro ta daga Yunanawa, su kuwa sun ciro ta daga wata kalma tasu mai nufin gwadawa, ko jarraba sa'a. Watau a asali pirate shi ne mutumin da ya fita ya gwada sa'arsa kan dukiyar wani. Malaman harshe sun ce tushenta ɗaya da experience, watau sanin da a ke samu ta wurin gwadawa, da peril, watau haɗari.

Ga yadda a ke faɗinta: pai-ra-si, ana danna gaɓar fari. Mai aikin shi ne pirate, ana cewa pai-rat. Sunan aikin shi ne piracy. A lura da ƙarshenta, c ne da y, ba s da y ba. Ƙa'idar ɗaya ce da ta accurate da accuracy, ko private da privacy. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ruɗa almajirai, gama rubutunsu ya yi kama ƙwarai. Privacy keɓewar mutum ce da sirrinsa, ba ruwanta da fashi. Haka kuma conspiracy, watau ƙulla makirci, ko da ya ke haruffan piracy duka suna cikin wutsiyarta, ba su haɗa kaka ba. Kama da wane ba ta wane.

Wani abin lura kuma, ba a cika sa mata a ko an a gaba ba. Bature ya kan ce a robbery in yana nufin fashi guda, amma in ya zo ga wannan sai ya ce an act of piracy. Ana cewa: He was charged with piracy, watau an tuhume shi da fashin teku.

MA'ANA TA FARI

Mu Hausawa mun san ɓarawo mai shiga gida da dare a ɓoye, mun san ɗan fashi mai tare fatake a hanya da makami. Pirate ɗan fashi ne, amma dajinsa teku ne, ayarinsa kuwa jiragen ruwa. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubuci Bayunane mai suna Plutarch ya ba da labari, wajen shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa, 'yan fashi sun kama Yuliyas Kaisar cikin Bahar Rum yana saurayi. Suka yanka masa fansa ma'auni 20, irin ma'aunin da su ke kira talanti. Ya yi musu dariya, ya ce ba su san darajar wanda suka kama ba, ya mai da ita 50. Ya kwana 38 a hannunsu. Da aka biya aka sake shi, sai ya tara jirage ya komo ya kama su, ya sa aka gicciye su. A shekara ta 67 kuma Romawa suka ba sarkin yaƙinsu Pompey iko bisa tekun duka, ya share ta cikin wata uku.

Tun zamanin Romawan nan masana shari'a su ke ɗaukar ɗan fashin teku abokin gaban 'yan Adam duka. Dalili kuwa shi ne, tsakiyar teku ba ta kowa ba ce. In an tare fatake tsakanin Kano da Zariya, akwai hukumar da ƙasar ke hannunta, ita za ta bi haƙƙinsu. Amma in an tare jirgi inda babu sarki, wa zai bi? Don haka aka yarda ko wace ƙasa ta kama shi, ta yi masa shari'a a kotunta. Misalin wannan ya auku a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu na 1722 wani jirgin yaƙin Ingila ya kashe Bartholomew Roberts, babban ɗan fashin zamaninsa, kusa da gaɓar ƙasar da a ke kira Gabon yanzu. Aka kai mutanensa Cape Coast, cikin ƙasar Gana ta yau, aka yi musu shari'a, aka rataye mutum 52. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A shekara ta 1982 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙasar Jamaika. Cikinta aka ƙayyade kalmar, har ya zama sai abu huɗu sun taru kafin masu shari'a su ce piracy. Na ɗaya, a yi aiki da ƙarfi, ko a tsare mutane, ko a ƙwace kaya. Na biyu, masu yin abin su yi shi don bukatar kansu. Na uku, ya zama jirgi biyu ne, mutanen wani jirgi mai zaman kansa suka auka wa wani. Na huɗu, ya auku a wajen ikon ko wace ƙasa. Ikon ƙasa kuwa ya kan kai mil 12 na teku daga gaɓarta, watau wajen kilomita 22.

To, a gwada waɗannan sharuɗɗa a gani. A watan Nuwamba na 2008 waɗansu mutane daga Somaliya suka fito cikin ƙananan jirage suka kama Sirius Star, babban jirgin man Saudiyya, can nesa cikin Tekun Indiya, suka riƙe shi sai da aka biya fansa. Wannan piracy ne sosai, sharaɗi huɗu sun cika. Amma in ɓarayi suka hau jirgi yana tsaye a bakin tashar Ikko suka kwashe kaya, wannan masu shari'a armed robbery su ke ce da shi, watau fashi da makami, hukuncinsa kuwa na Nijeriya ne kaɗai. Haka wanda ya tare kwalekwalen 'yan kasuwa cikin Kwara, ko da ya ke masu rubuta jarida su kan kira shi pirate. In ma'aikatan jirgi suka tayar wa shugabansu suka ƙwace jirgin, sunan wannan mutiny, watau tawaye. A 1985 kuma waɗansu mutum huɗu suka shiga jirgin Italiya mai suna Achille Lauro kamar fasinjoji, sa'an nan suka ƙwace shi don neman a saki fursunoni. Jirgi ɗaya ne, bukatar kuwa ta siyasa ce, don haka kalmar da ta dace ita ce hijacking. Ita Nijeriya a shekara ta 2019 ta kafa dokarta ta musamman kan fashin teku.

TAKARDAR SARKI

Yanzu ga wurin da kalmar ta fi santsi. A zamanin da, in sarakunan Turai suna yaƙi, sarki ya kan ba mai jirgi wata takarda, letter of marque, wadda ta halatta masa kama jiragen abokan gaba, a raba ganima. Mai wannan takarda privateer a ke ce da shi. Aikinsa ɗaya da na pirate, bindigarsa ɗaya, waɗanda ya kwashe wa dukiya kukansu ɗaya. Abin da ya raba su takarda ce kurum. In an kama mai takarda, fursunan yaƙi ne. In an kama maras takarda, sai igiya.

Ku dubi mutum biyu. Francis Drake ya kewaye duniya daga 1577 zuwa 1580, a hanya ya kwashe azurfa da zinariya daga jiragen Sifen, alhali kuwa a lokacin ba a ɗaura yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ba. Mutanen Sifen suka kira shi ɗan fashi. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya kuwa ta karɓi rabonta, a 1581 ta ba shi sarautar Sir. William Kidd shi ma da takardar Sarkin Ingila ya fita, an ba shi izinin farautar 'yan fashi da kama jiragen Faransa. A watan Janairu na 1698 ya kama wani babban jirgin 'yan kasuwa kusa da Indiya, ya ce ai jirgin yana tafiya da takardar izini ta Faransawa, don haka halal ne gare shi. Da aka zo shari'a a Landan, takardun nan da ya dogara da su ba a kawo su gaban alƙalai ba. Aka same shi da laifin fashin teku da na kisan wani mutum nasa, aka rataye shi ran 23 ga watan Mayu, 1701. Bayan shekara fiye da 200 aka tsinci takardun cikin ma'ajin gwamnati.

Saboda haka in kun ga pirate cikin littafin tarihi, ku tambaya, bakin wa ya fito? Sau da yawa kalmar hukunci ce da mai ƙarfi ya yanke, ba suna kurum ba. Akwai wani tsohon labari da Augustine, malamin Kirista na Afirka ta Arewa, ya kawo, wai an kama wani ɗan fashi an kai shi gaban Iskandar Mai Girma. Sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya dami teku. Shi kuwa ya amsa cewa dalilinsu ɗaya da na sarki mai damun duniya, sai dai shi jirginsa ɗaya ne, don haka a ke kiransa ɗan fashi, sarki kuwa jiragensa da yawa. Amma kada wannan ya sa mu ce ashe kalmar ba ta da gaskiya. A 1695 Henry Every ya tare babban jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb, yana komowa da alhazai daga Makka, ya kwashe dukiya, mutanensa suka yi wa maza da mata wulakanci mai tsanani. Wannan ba shi da takardar kowa, ba shi da uzuri, ko wane harshe kuma ɗan fashi zai kira shi. Ita al'adar ba da takarda, manyan ƙasashen Turai sun yarda a birnin Paris a 1856 su kashe ta. Kafin nan kuma, Amurka a 1820, da Ingila a 1824, sun kafa doka cewa fataucin bayi cikin teku piracy ne. Ga sana'ar da a da a ke yi da izinin sarki, ta koma laifin rataya.

Akwai kalmomi biyu kuma da za ku gamu da su. Corsair an fi kiran masu fitowa daga Aljaza'ir da Tunis da Tarabulus da shi, yawancinsu kuwa da izinin sarakunansu su ke fita. Waɗanda suka karanta Larabci cikinmu za su gane ta, gama ƙursan da ƙarsana daga wannan tushe Larabawa suka aro su. Buccaneer kuwa na tsibiran Amurka ne. Asalinsu mafarauta ne masu yin bandar nama bisa wani ragaya da a ke kira boucan, daga baya suka bar banda suka shiga teku.

MA'ANA TA BIYU

To, yaya aka yi kalmar ta sauka daga jirgi ta shiga maɗaba'a? A Landan, tun daga 1557, masu buga littattafai suna da ƙungiya wadda ta sami izinin sarauta. Wanda ya rubuta sunan littafi cikin rajistarta, shi ke da ikon buga shi. Amma ba a rasa wani da zai sayi littafi guda, ya buga shi a ɓoye da takarda mai araha, ya karya farashi. Cikin ƙarni na 17, sa'ad da labarin 'yan fashin teku ya cika gari, sai waɗanda aka cuta suka shiga kiran irin waɗannan mutane pirates. Da fari zagi ne da kwatanci, kamar yadda mu kan ce da azzalumin ɗan kasuwa kura. Yau da gobe kwatanci ya zauna, ya shiga ƙamus. A 1710 Ingila ta kafa doka wadda ta ba mawallafin sabon littafi ikon shekara 14 bisa aikinsa. Amma doka ba ta ƙetare teku. Sa'ad da Charles Dickens ya ziyarci Amurka a 1842, ya iske ana buga littattafansa ana sayarwa ba a ba shi ko anini. Ya yi ta kuka a bainar jama'a, amma sai a 1891, bayan mutuwarsa, Amurka ta soma kare haƙƙin mawallafan waje.

Daga littafi kalmar ta bi ko wace sabuwar sana'a. A 1964 waɗansu suka kafa gidan rediyo cikin jirgi, Radio Caroline, suka tsaya bayan iyakar ruwan Ingila suna watsa waƙoƙi ba lasisi. Aka kira irin wannan pirate radio, a 1967 aka yi doka don hana su. Yau kuwa ana faɗin piracy ga kwafar waƙa, da fim, da manhajar kwamfuta, ba da yardar mai su ba. Mu ma nan abin ya iso mu, har Hausa ta yi masa suna, satar fasaha. Marubuta da masu shirya fim na Kano sun daɗe suna kuka da ita.

A wannan ma'ana ce aka fi mai da pirate aikatau. Ana cewa: They pirated his book, watau sun buga littafinsa ta hanyar sata. A pirated copy kuwa bugun sata ne. Sai a raba ta da plagiarism. Mai piracy ya kan bar sunan mawallafi a bangon littafi, gama sunan ne ke sayar masa, kuɗin kaɗai ya ke ci. Mai plagiarism kuwa sunan ya ke cirewa ya sa nasa. In almajiri ya kwafi insha'in abokinsa ya miƙa wa malam, plagiarism ya yi. In ya buga littafin malam ya kai kasuwa ba da izini ba, piracy ya yi.

Ko a nan ma kalmar tana da masu ja da ita. Waɗansu sun ce ta yi nauyi, yaya za a haɗa mai kwafar littafi da mai kashe mutane cikin teku a suna ɗaya? Sun ce ɗan fashi in ya ɗauki kaya mai kaya ya rasa, mai kwafi kuwa ya bar asali a inda ya ke. Mawallafa kuma suka ce, wanda ya shekara uku yana rubutu, wani ya girbe amfanin, ai gonarsa aka ci. Masu shari'a dai sun fi aiki da infringement of copyright, watau keta haƙƙin mallaka, domin ba ta da zafi. Ni a ganina mawallafa sun fi gaskiya, ko da ya ke na san da yawa cikinmu da bugun sata muka yi karatu, don shi kuɗinmu ya kai.

YADDA ZA MU JUYA TA DA HAUSA

Abin da na koya daga dariyar da aka yi mini shi ne, babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauki piracy duka. Dole mai fassara ya dubi maƙwabtanta cikin jimla. In ya ga jirgi, da teku, da fansa, ya ce fashin teku, mai yi kuwa ɗan fashin teku. In ya ga littafi, ko waƙa, ko fim, ya ce satar fasaha, ko bugun sata. In ya ga rediyo, ya ce gidan rediyo maras lasisi. Kada ya ce ɓarawo kurum, gama ya rage. Kada kuma ya kira privateer ɗan fashi ba tare da ya yi bayanin takardarsa ba, in ba haka ba ya yanke hukuncin da marubucin bai yanke ba. Jimlar da ta kā da ni kuwa, ga fassararta: An ci mai maɗaba'a tara domin ya buga littafin wani ba da izini ba.

Ga jimla huɗu ga mai son gwada kansa. A juya su da Hausa, a kuma faɗi dalilin kalmar da aka zaɓa.

1. Piracy made the voyage dangerous.
2. The singer lost much money through piracy.
3. The Spaniards called him a pirate, but his own people called him a privateer.
4. He asked for privacy, and the boy wrote piracy.

Wanda ya yi su ya kawo mini ɗakinmu bayan sallar la'asar mu duba tare, gama matambayi ba ya ɓata. In kuwa malamanmu sun ga kuskure cikin abin da na rubuta, ina roƙo su gyara mini cikin fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin. Haza wasalamu.